Amsoshin Tambayoyinku: Yadda Ake Shigo da Kod Cikin Rubutun LaTeX

Mai gabatarwa: To jama'a, lokaci ba ya jira, mu faɗa cikin wasiƙu. Wani ya tambaya wa ya ƙirƙiro LaTeX, wato manhajar tsara rubutu don bugawa. Leslie Lamport ne, a farkon shekarun 1980, kuma a kan manhajar TeX ta Donald Knuth ya ɗora shi. Mun wuce nan.

Ga wadda mutane da yawa suka aiko. Wata ɗaliba mai rubuta kundin digiri ta ce duk sanda ta gyara kod ɗinta, wato umarnin kwamfuta da ta rubuta, sai ta sake kwafowa ta liƙa cikin takardar, ga shi kuma yana fitowa baƙi ƙirin ba ado. Haba ƙanwata, wa ya ɗora miki wannan wahala? Malam, bismilla.

Baƙo: To, ai da can da verbatim ake fama, wanda ke buga rubutu yadda ya gan shi, ba launi ba komai, har ma akwai fancyvrb da ya zo ya ɗan gyara lamarin, shi kuma...

Mai gabatarwa: Malam, ita maganin take nema.

Baƙo: Maganin shi ne kunshin listings, wato wani ƙarin kayan aiki da ake ɗora wa LaTeX. Ta bar kod ɗin a fayil ɗinsa, ta rubuta \lstinputlisting ta sa sunan fayil ɗin. Duk lokacin da aka haɗa takardar, LaTeX zai je ya ɗauko abin da ke ciki a lokacin.

Mai gabatarwa: Bari in maimaita. Kada ki kwafa. Ki kira fayil ɗin da sunansa, in kin gyara can, nan ma ya gyaru. To adon fa?

Baƙo: Sau ɗaya ake tsara shi da \lstdefinestyle. A nan za ta zaɓi girman haruffa, ta ba bayanan cikin kod launinsu da taimakon kunshin xcolor, ta sa numbers=left don lambar layi ta fito a hagu, da breaklines=true don kada dogon layi ya tsallake gefen shafi. In wani yanki kawai take so, akwai firstline da lastline, inda za ta sa lambar layin farko da na ƙarshe. Amma ta kula, da zarar ta ƙara layi a saman fayil ɗin, lissafin ya goce, sai ta buga abin da ba shi ta nufa ba.

Mai gabatarwa: Wani kuma ya ce ƙ da ɗ da ɓ suna tsayar masa da aiki.

Baƙo: Listings ba ya jituwa da irin waɗannan haruffa sai an gabatar masa da su ta zaɓinsa mai suna literate. Ni dai kunshin minted na fi so, wata manhaja mai suna Pygments ce ke yi masa launi, sai dai tsofaffin nau'o'in minted suna buƙatar a kunna shell-escape, wato izinin da ke barin LaTeX ya kira wata manhaja daga waje.

Mai gabatarwa: Na ƙarshe yana tambaya ko ya ɗauki hoton allon kwamfuta kawai ya manna. A'a ɗan'uwa, wannan ganda ce. Hoto ba ya kwafuwa, in an buga kuma dishi-dishi yake fitowa. Sauran wasiƙun sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.