Kaya na sauka, masu kawo su ba sa sauka

Sani: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka daga nan Maradi. Yau ina tare da Hajiya Rakiya da Malam Laminu, kuma zancen ma'aikatan jiragen ruwa za mu yi, irin halin da suka shiga lokacin annobar korona.

Hajiya Rakiya: To Sani, mu da ruwan da muka sani shi ne Gulbin Maradi, shi ma sai da damina, ina muka haɗu da mutanen teku?

Malam Laminu: Hajiya, a shagonki kuka haɗu. Shinkafar da kike sayarwa a Babbar Kasuwa daga ina take?

Hajiya Rakiya: Daga Indiya da Tailan. A wancan lokacin ta Kwatano take sauka, gingimari ya ɗauko ta, ya haye gadar Gaya, ya bi ta Dosso da Ƙonni har nan.

Malam Laminu: To kafin gingimarin akwai jirgi, a cikinsa kuwa mutane ne, da yawansu 'yan Filifin da Indiya da Indonesiya. Fiye da kashi 80 cikin 100 na kayan cinikin duniya ta ruwa ake dakon su. Da aka rufe iyakoki a watan Maris na 2020, sai ƙasashe suka ce kaya su shigo, amma ɗan Adam ɗin da ya kawo su kada ƙafarsa ta taɓa ƙasa.

Sani: Malam, ai na zaci idan kwangilar mutum ta ƙare sai ya sauka ya hau jirgin sama.

Malam Laminu: Haka tsarin yake. Yarjejeniyar ƙwadagon teku ta 2006 ta nuna kada zaman mutum cikin jirgi ya wuce wata 11 a jere. Amma jiragen sama sun tsaya, ofisoshin biza a rufe. Zuwa Satumban 2020, hukumar sufurin teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta mutum 400,000 sun maƙale a teku, wasu sun kai wata 17. Kwatankwacinsu kuma na zaune a gida, an hana su zuwa canjin 'yan'uwansu, ba aiki ba albashi.

Hajiya Rakiya: Innalillahi. Wata 17! Ni ƙanena direba ne. Lokacin kullen ya yi kwana goma sha wani abu a bakin iyaka, yana kwana ƙarƙashin mota, yana dafa shayi a ɗan murhu. Ko da ya dawo, idonsa ya faɗa, mako guda ba ya son magana da kowa. Shi ke nan da ke taka ƙasa, yana iya sayen goro, yana zuwa masallacin Juma'a.

Malam Laminu: Shi kuwa na teku, ɗan ɗakinsa da ƙugin inji, sai ruwa gabas da yamma. Aiki ba Juma'a ba Lahadi, gadi dare da rana. Gajiyar da ta taru wata da watanni ta fi komai illa: barci ya ƙi zuwa, zuciya ta ƙuntata, har an samu waɗanda suka kashe kansu. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne rashin lafiya. Mutum na fama da haƙori ko ciwon zuciya, ga gari yana hango fitilunsa, ga asibiti a ciki, a ce ba zai sauka ba.

Sani: Idan rai ya yi halinsa fa?

Malam Laminu: Nan ne wurin kuka. An yi jiragen da mutum ya rasu a ciki, tasha bayan tasha ana ƙin karɓar gawa, sai aka ajiye ta a ɗakin sanyi na abinci har tsawon watanni. Abokan aikinsa suna shiga ɗauko nama suna wuce ta.

Hajiya Rakiya: Subhanallahi. Mu da in an rasu da safe, kafin azahar an kai shi makwancinsa. Ku tuna da uwarsa, Malam, tana karɓar gaisuwa ba ta san ranar da za a rufe ɗanta ba.

Sani: Allah ya sawwaƙe. Na karanta labarin wani jirgi, Wakashio, da ya yi karo da dutsen ƙarƙashin ruwa a gaɓar tsibirin Mauritius da ke tekun Indiya.

Malam Laminu: Ranar 25 ga Yulin 2020. Man jirgin kusan tan 1,000 ya malale cikin teku. Kyaftin ɗin ya amsa a kotu cewa sun matso gaɓa ne don wayoyinsu su kama layi, ma'aikata su ji muryar iyalansu. Laifi ne babba, ban wanke shi ba, amma ka ga inda kewar gida take kai mutum.

Sani: Daga baya an yi wani abu?

Malam Laminu: A Disamban 2020 Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi ƙasashe su sa mutanen teku cikin ma'aikatan da ba a tare wa hanya. Wasu suka amsa, wasu suka yi kunnen uwar shegu. Da allurar riga-kafi ta fito kuma, aka ce sai mai shaidar allura zai wuce, alhali ƙasashen da yawancinsu suka fito ba su samu allurar da wuri ba.

Hajiya Rakiya: Ni a shekarar nan ban daina ƙorafin tsadar kwantena ba, kullum ina kan waya ina tambayar ina kayana suka tsaya. Wallahi ko sau ɗaya ban tambayi wa ke cikin jirgin ba.