Amsoshin tambayoyinku: sojojin roba da yadda ake shirya runduna a wasan yaƙi na kan tebur

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa a filin amsoshin tambayoyinku. Yau saƙonni uku muka ware kuma duk a kan abu ɗaya suke, wato wasan nan na yaƙi da ake yi a kan tebur da ƙananan sojojin roba.

Na farko daga wani ɗalibi ne ɗan Zariya da ke karatu a Ingila, yace ya wuce wani shago ya ga manyan mutane da gemunsu sun sunkuya kan tebur, kowa da tef ɗin awo a hannu suna tura 'yan sojoji, shi ne yake tambaya wai wannan wane irin wasa ne, kuma ba caca bace?

Toh ɗan uwa, mai yiwuwa Warhammer 40,000 ka gani, don shi yafi cika irin waɗannan shaguna. Kamfanin Games Workshop ne ke yinsa, an kafa shi a Landan a 1975, yanzu hedikwatarsa na Nottingham, shi kuma wasan ya fito a 1987. Amma abin ya girmi kamfanin nesa ba kusa ba. Tun 1824 wani hafsan sojan Furushiya, tsohuwar daular Jamusawa, mai suna Reisswitz ya gabatar wa manyansa irin wannan wasa a kan taswira don horar da hafsoshi, sannan a 1913 marubucin nan H. G. Wells ya fitar da littafin Little Wars mai ɗauke da dokokin wasa da sojojin wasan yara. Maganar caca kuwa, ba a zuba kuɗi a ci na wani, ƙwayar da ake jefawa irin ta lido ce mai fuska shida, aikinta ta yanke abubuwa irin su harbin ya samu ko bai samu ba. Tef ɗin da ka gani kuma da shi ake auna inci nawa soja zai yi tafiya da nisan da bindigarsa zata kai.

Saƙo na biyu wani bawan Allah ne daga Kano, yace yayansa ya aiko masa da kwali ɗaya na sojojin wasan, ya buɗe bai ga soja ko ɗaya ba sai firam na roba da hannuwa daban kawuna daban, yana tambaya ta ina zai fara.

Malam haka suke zuwa, kai zaka haɗa abinka, kuma wallahi ga da yawa daga masu wannan harka haɗawar da fentin sun fi musu wasan kansa daɗi. Ka samu ƙaramar filaya mai kaifi ka riƙa yanko guntayen daga jikin firam ɗin, kar ka murɗe da hannu don zai yage maka gefen. Bayan ka yanko zaka ga wani siririn layi ya bi ta jikin hannu ko hular kwano, wurin da ɓangarori biyu na mazubin da aka zuba robar suka haɗu ne, sai kasa bayan reza ka kankare a hankali, in ka barshi fenti na hawa zai fito ɓaro-ɓaro. Gam kuma iri biyu ne. Akwai na roba wanda yake ɗan narkar da ɓangarorin biyu su zama abu ɗaya, wannan in ya kama ya kama kenan. Akwai kuma supa gulu, shi ake sa wa na ƙarfe da na resin, wani nau'in roba daban, don na roba baya kama su. Kafin fenti dole ka fesa shafen farko na ƙasa, kuma nan nake so ka kula sosai tunda a Kano kake, kar ka fesa da tsakar rana ko ranar da hazo da ƙurar hunturu suka taso, fentin yakan bushe a iska kafin ya sauka sai jikin sojan yayi kaushi. Da sassafe a inuwa yafi. Fentin kuma ka tsinka shi da ɗan ruwa, shafa biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri da zai toshe ido da maɓallan sulke. Kuma dan Allah kar a barsu cikin mota a rana.

Amma kar ka taɓa gam tukuna sai ka ji amsar tambaya ta uku.

Ita wata baiwar Allah ce ta aiko, tace ita da ƙaninta suna son farawa, menene wannan maki dubu biyu da suke ji ana faɗa, kuma wace runduna ce tafi ƙarfi su saya.

'Yar uwa, kowace tawagar sojoji a rundunarki akwai farashinta da maki, kafin wasa sai ku yarda da adadi, kowa ya rubuta jerin rundunarsa kar ya wuce. A gasa maki 2,000 ake yi a tebur mai inci 44 da 60, zagaye biyar. A bugu na 10 na dokokin wasan da ya fito a 2023 dole ki naɗa kwamanda ɗaya, kuma ba a maimaita tawaga iri ɗaya fiye da sau uku, sai sojojin gaba na yau da kullum da motocin ɗaukarsu, su an yarda har shida. Ni dai shawarata ku manta da 2,000 ɗin nan yanzu. Ku fara da kwalin Combat Patrol, wato mai ɗauke da ƙaramar runduna ta masu farawa, ko maki 1,000, don sojoji masu yawa in aka tara su ba fenti sai su kashe wa mutum jiki.

Wajen rubuta jerin, kuskuren da sababbi suka fi yi shi ne su zuba makinsu duka a manyan tankoki da dodanni saboda sun burge su. Alhali yawanci wanda ya riƙe wuraren da aka sa wa alama a tebur shi ke tara makin nasara, ko da an kashe masa fiye da rabin runduna. Saboda haka ki tambayi kanki, wa zai zauna ya tsare wurin da ke bayana, wa ke da sauri da zai ruga ya kama na tsakiya, me nake da shi da zai huda sulken tanka, me kuma zai share taron ƙananan sojoji. In kin rasa amsar ɗaya to jerin bai gama ba. Shi yasa nace wa na Kano ya dakata, kwali ɗaya yakan zo da bindigogi kala-kala, sai ka rubuta jerin ka san wadda kake buƙata sannan ka manna. Wasu ma ƙananan maganaɗisu suke binnewa a kafaɗar tanka ko babban soja don su riƙa sauya makami.

Batun wadda tafi ƙarfi kuwa, kamfanin na sauya farashin maki lokaci zuwa lokaci, wadda ke cin gasa bana baɗi ana iya rage mata ƙarfi. Ku zaɓi wadda kamanninta suka kwanta muku a rai tunda ku zaku zauna da burushi kuna fenta ta, in rundunar Space Marines ce, wato jaruman nan masu manyan sulke, sun fi sauƙi ga mai farawa don sojojin basu da yawa kuma sulkensu shimfiɗaɗɗe ne.

Lokaci ya ƙure mana, sauran saƙonnin sai mako mai zuwa in Allah ya kaimu. Na Kano, in ka gama haɗa na farko ka turo mana hotonsa.