Jawabin Maraba ga Mai Martaba Sarkin Katsinan Maraɗi a Wajen Baje Kolin Mata Masu Haɗa Ƙyallaye

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai Martaba Sarkin Katsinan Maraɗi, Allah ya ja zamaninka. Hakimai da ƴan majalisar Sarki, malamanmu, iyayenmu mata, da maƙwabtan da suka ara mana tabarmi da kujeru tun da sassafe, muna yi muku barka da zuwa.

Ranka ya daɗe, Sarki ba baƙo ba ne a garinsa, amma yau mu ne masu masauki, kuma farin cikinmu ba ya misaltuwa. Da aka ce mana za ka zo, akwai tsohuwa a cikinmu da ta ce sai ta gani da idonta, don ba ta taɓa jin an tashi Sarki saboda ƙyalle ba. Ga ta can zaune a sahun gaba.

Aikinmu daga ƙasan keken tela yake farawa. Ranar Litinin da Juma'a, in kasuwa ta ci, ƴan matanmu kan bi shagunan teloli su kwaso guntayen atamfa, shadda da yadi, waɗanda da sai dai a share a ƙona. Dab da Sallah kuwa buhu-buhu muke samu. Mu wanke, don wani yadin yana zuba kuma zai ɓata maƙwabcinsa, mu goge da dutsen guga na gawayi, mu ɗora ɗan kwali mu yanka daidai da daidai. Nan ne aikin yake, ranka ya daɗe. In yanki guda ya karkace ko da faɗin ƙwayar gero ne, kafin a kai ƙarshen layi duk bargon ya murɗe, sai an farke. Bayan an haɗa fuska, a shimfiɗa auduga ko tsohon bargo a tsakiya, a sa shafi a ƙasa, sannan mata huɗu ko biyar su kewaye shi da allura, kowa na bi ta gefenta har a haɗu a tsakiya. Keken ƙafa muke amfani da shi, ko da wuta ko babu aiki na tafiya.

Kowace Laraba bayan la'asar muke haɗuwa. Akwai na unguwannin Mokoyo, Bagalam da Sabon Gari, da masu takowa tun daga unguwar Zariya ta nan Maraɗi. A nan ake koyon ɗinki, a nan kuma ake jin wa ta haihu, wa ke jinya, wa ke buƙatar a kama mata. Asusun da muke zubawa ba mu muka ƙago shi ba. Tsarin Mata Masu Dubara ne, wanda aka soma a wannan jaha tamu a 1991, yau kuma ƙasashe da dama sun ɗauka. Da shi muka sayi zare da almakashi, da shi wasunmu suka yi wa ɗiyansu kayan lakkol.

In ka zaga za ka ga zannuwan gado, rigunan matashi, jakunkuna da majanyin goyo. Amma ina roƙon Sarki ya ɗan tsaya a kan bargon da ke rataye daga hannun dama. Wata baiwar Allah ce ta ɗinka shi da rigunan maigidanta da ya rasu: farar shaddar da yake zuwa Juma'a da ita, da shuɗin yadin da yake sawa in zai tafi fatauci Katsina ta Ɗan Isa da Jibiya. Aljihun rigar ma ba ta cire ba, yana nan a kusurwa. Ba na sayarwa ba ne. Da shi ɗiyanta ke lulluɓa in hunturu ya kama.

Iyayenmu sun ba mu labarin ambaliyar 1945, lokacin da Gulbi ya cinye tsohon gari, mutane suka hau tudu suka sake gini da abin da suka tsira da shi. Jikokin waɗannan mutane ne ke zaune gabanka, shi ya sa ba ma raina guntun abu.

Koke biyu muke da shi, ranka ya daɗe. Na farko wurin zama. Tsakar gidan ɗaya daga cikinmu muke taruwa, da damina kuwa sai mu yi ta tattara kaya ana gudun ruwa, auduga kuma in ta jiƙe ta tashi aiki. Ɗaki guda mai ƙofa da makulli ya ishe mu. Na biyu, Sarki ya sa baki teloli su riƙa ajiye mana guntaye maimakon ƙonawa, kuma a tuna da mu in ana zaɓen masu wakiltar Maraɗi a bikin baje kolin sana'o'in mata na SAFEM a Yamai. Mun tabbata kayanmu ba za su ba garin nan kunya ba.

Ga kuma ɗan tukuicinmu: bargo ne da kowace mace a ƙungiyar nan ta sa allurarta a ciki, har da ƴan koyo. Muna roƙon Sarki ya karɓa, ya sa mana albarka.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nisan kwana, ya zaunar da Maraɗi da Nijar lafiya. Bismillah, ranka ya daɗe, a taso a ga kaya.