"Kun gane?" ba awo ba ne

To masu shirin shiga aji, bari mu fara da abin da kusan kowane malami yake yi. Ka gama bayani ka juyo ka ce "kun gane?", aji ya ɗauka baki ɗaya "eh malam!", kai kuma ranka fes ka wuce gaba. Wallahi amsar nan ba ta gaya maka komai ba, don yaron da bai gane ba ma da shi aka amsa, kunya yake ji a ce shi kaɗai aka bari a baya.

Auna ɗalibi kala biyu ne. Akwai na ƙarshe, wato jarabawar ƙarshen zango, a ba da maki a rubuta sakamako shi ke nan. Akwai kuma wanda kake yi ana tsaka da darasi don ka gyara tun da sauran lokaci. Wani masani mai suna Michael Scriven ne ya ba kowanne sunansa a 1967, daga baya masanin ilimi Benjamin Bloom ya jawo maganar kan koyon yara a aji. Na biyun nan shi nake so ka riƙe hannu bibbiyu.

Ga misali. Ka rubuta a allo 1/2 a tara da 1/3, ka ce kowa ya rubuta amsa a takarda ya ɗaga sama lokaci ɗaya, ban da ɗaga hannu. Sai ka ga da yawa sun rubuta 2/5 maimakon 5/6. Ka ga yanzu ka san ciwon, sun tara na sama da na sama ne, na ƙasa da na ƙasa, ba wai ba sa ja ba ne, wata doka suka ƙirƙiro a kansu kuma idan ba ka kamo ta yau ba to har ranar jarabawa za ta bi su.

Sai maganar jira, wannan kam tana damuna sosai. Wata mai bincike kan koyarwa a Amurka, Mary Budd Rowe, ta naɗi darussa ta auna, ta gano malami yakan jira kusan sakan 1 ne kacal bayan ya yi tambaya. Sakan ɗaya fa! Da aka kai jiran sakan 3 ko fiye sai amsoshi suka ƙara tsawo, yaran da ba sa magana ma suka fara sa baki. Shirun zai maka nauyi da farko, daure ka ƙirga a zuci.

In saura minti biyar a tashi, ba kowa 'yar takarda da tambaya ɗaya tak kan darasin yau, su miƙa maka a bakin ƙofa. Ba sai ka sa maki ba, kawai ka kasa su kashi uku, waɗanda suka gane, masu tangal-tangal, da waɗanda suka ɓace gaba ɗaya. Gobe in ka shigo, ka fara darasi daga kuskuren da ya fi yawa a takardun nan.