Hayar wuri a tsofaffin sito na Accra: ga yadda abin yake tafiya

Salamu alaikum jama'a, mutanen Nima, Maamobi, Sabon Zango, ku matso. Wannan dogon bango da kuke gani a bayana tsohon sito ne a Jamestown, irin waɗanda kamfanonin Turawa suke jibge kaya a ciki lokacin da jiragen ruwa ke tsayawa nesa da gaɓa, ana ɗauko kaya da kwale-kwale. Da aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Tema a 1962 harkar ta koma can, gine-ginen suka zauna haka nan shekara da shekaru, wasu kwano ya ruɓe, wasu awaki ne ke kwana a ciki.

To yanzu an fara gyara wasunsu ana yanka su ɗaki-ɗaki ana ba da haya, kuma tun da aka fara bikin Chale Wote, na zane-zane da wasanni a kan titi, a 2011 idon mutane ya dawo unguwar. Tela zai ɗauki nasa, mai hoto ya buɗe situdiyo, mai ɗinkin jaka yana gefe, wani ma tebur ɗaya kawai yake so da intanet ya biya na wata. Ni abin da ke burge ni shi ne tsawon rufin, wallahi ka shiga da azahar iska na kaɗawa, ga haske ta manyan tagogi, mai ɗinki ba sai ya kunna fitila da rana ba.

Amma ɗan'uwa kafin ka miƙa sidi (kuɗin Ghana) ko ɗaya, ɗaga kai ka dubi ƙarfen rufin. Kusa da teku ne, gishiri na cin ƙarfe, in ka ga fenti ya kumbura ka sa farce ka kankare, jan tsatsa zai zubo maka a hannu. Tambayi wa zai gyara in damina ta zo ya fara yoyo, kai ko mai gida, kuma a rubuta a takarda, maganar baki ba ta kai ka ko'ina.

Sai wuta, nan ne rigima ta fi yawa. In mita ɗaya ce ta ECG, kamfanin wutar lantarki, ga kowa da kowa, kai kana da keken ɗinki biyu maƙwabcinka yana walda, ƙarshen wata a ce a raba kuɗi daidai, ai an cuce ka. Nemi mitarka, sannan ka ji ko kuɗin man janareta na cikin haya in dumsor, wato yawan ɗauke wuta, ya dawo.

Batun adibas kuwa, dokar haya ta 1963, Act 220, ta ce kada mai gida ya karɓi fiye da wata 6, duk da kowa ya san ana neman shekara biyu. Amfanin irin wannan wurin ke nan, ka roƙi na wata uku ko shida ka gwada kasuwa tukuna. In aka yi maka taurin kai, ofishin Rent Control mai sasanta rigimar haya na nan, ka je da rasit ɗinka da kwafin yarjejeniyar.