Roba ɗaya, yumɓu ɗaya, amma ƙarfi ya bambanta

Ku ɗauka ga sandunan gwaji guda biyu na roba da aka haɗa da yumɓu. Robarsu ɗaya, yumɓun da aka zuba musu ɗaya, awonsa ma ɗaya. Da aka sa su a injin ja, ɗaya ta riga 'yar'uwarta tsinkewa. Abin da ya raba su kawai shi ne yadda kowacce ta shiga mazubi.

Bari mu fara da yumɓun. Sunansa montmorilonait, ya samo sunan daga garin Montmorillon na Faransa. Ba ƙwaya-ƙwaya yake ba, fallaye ne a jere kamar shafukan littafi, kaurin kowane falle kusan nanomita 1, wato kashi ɗaya cikin miliyan na milimita. Silin gashin kai guda kuwa yakan kai nanomita dubu 50 zuwa dubu 100. A ƙarshen shekarun 1980 masu bincike na Toyota a Japan suka warware fallayen nan a cikin robar nailan 6. Yumɓun bai kai kashi 5 cikin ɗari ba, amma taurin robar ya kusan ninkawa, juriyar ja kuma ta tashi daga 69 zuwa 107 a ma'aunin ƙarfi na megafaskal.

Sai dai fa falle ba ya aiki idan yana manne da 'yan'uwansa. Dunƙulen yumɓu a cikin roba tamkar tsakuwa ne, daga gefensa tsaga ke somawa. Shi ya sa ake fara murza haɗin a inji mai sukuru biyu. Wutar ma da ƙa'ida, domin sinadarin da ake shafa wa yumɓun don ya saje da roba yana fara lalacewa daga wajen digiri 200, alhali nailan 6 ba ya narkewa sai kusan digiri 220. Ka bar shi ya daɗe a inji, ka ɓata abin da ka gyara.

Yanzu ga hanyoyi biyu na sa haɗin a mazubi. Ta farko ita ce ɗura. Ana cusa narkakkiyar roba da ƙarfi ta wata 'yar ƙofa zuwa cikin mazubi mai sanyi. Ku lura da gefen bango: robar da ta taɓa ƙarfe nan take take daskarewa, wadda ke biye da ita tana gogar ta tana wucewa. Wannan gogar ce ke kwantar da fallayen, duk su fuskanci inda robar ta nufa, kamar gumagumai a kan ruwan kogi. A tsakiya kuwa gogar ba ta da yawa, fallayen suna nan barkatai. Kenan abu guda ya zama ɓawo da ciki, kowanne da halinsa. Ja shi ta inda robar ta gudana, ka ga ƙarfi. Ja shi ta kwance, labari ya sauya, kamar itace da ke saurin tsagewa idan aka bi tsawonsa.

Hanya ta biyu, matsewa, ba ta da wannan hayaniya. A ɗora robar tsakanin faranti biyu masu zafi, a danna, a bar ta ta huce sannu a hankali. Ƙarfin yakan zo kusan daidai ta kowace fuskar shimfiɗar, amma sau da yawa bai kai na ɗura ba, kuma dunƙulen da ya shiga haka zai fito.

Inda ni na fi jin tsoro shi ne mahaɗa. Idan akwai rami a jikin kayan, robar da ake ɗurawa takan rabu biyu, ta zagaye ramin, ta sake haɗuwa a baya. A daidai nan goshin kowane ɓangare ya riga ya fara hucewa, fallayen kuma sun juya sun kwanta a tsawon layin haɗuwar, babu wanda ya tsallaka ya ɗinke ɓangarorin. Ido zai ga ɗan siririn zane kawai. Sandar gwajin da ake buga alkalumanta a takardar bayanin kaya kuwa galibi ta ƙofa ɗaya ake ɗura ta, ba mahaɗa, fallaye duk a miƙe. Don haka injiniyoyi kan matsar da ƙofar ɗura, ko su ƙara wa mazubin zafi, har layin ya faɗa inda nauyi ba zai hau kansa ba.