Yadda Ake Ƙirƙirar Barasar Talakawa a Duniyar Almara

Masu kallo, assalamu alaikum. Matasanmu da ke rubuta labaran almara ko tsara wasannin kwamfuta a nan Legas sukan ɓata lokaci wajen zana fadar sarki da takubban mayaƙa, amma da wuya su tsaya su tambayi abin da ɗan dako yake sha bayan ya sauke kaya. Addininmu ya haramta barasa, kuma babu mai jayayya a kan haka, sai dai marubucin da ya gina birni mai tashar jiragen ruwa da baƙi daga kowace nahiya zai ga cewa wasu mutanen birnin suna shan ta, kuma aikinsa ne ya nuna ta yadda take, da arharta da ɓarnarta.

Barasa mai arha tana fitowa ne daga abin da ya yi yawa a ƙasa ko abin da ake zubarwa. Burukutu daga dawa ake yin sa, domin dawa ce amfanin gonar da ta wadata a Arewa da tsakiyar Najeriya. Ogogoro kuwa daga bammi yake, wanda ake dafawa a tara tururinsa har ya koma ruwa mai ƙarfi. A tsibiran Karebiyan, a ƙarni na 17, baƙin ruwa mai kauri da ke ragewa bayan an fitar da sukari daga rake shi aka mayar barasa. Saboda haka idan ƙasar da kuka ƙirƙira hamada ce, kada ku ba talakanta ruwan inabi. Ku duba dabino, ko giginya, ko wata saiwa da kuka ƙaga wadda ko jaki ba ya ci.

Abin da ya fi muhimmanci a ganina shi ne hannun hukuma, domin a nan labari yake samun rai. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta taƙaita cinikin barasa mai ƙarfi a sassan Afirka, kuma Turawan mulkin mallaka sun hana shigar da ita Arewacin Najeriya, alhali a Legas da sauran Kudu harajin kwalaben da ake shigowa da su daga Turai yana cikin manyan hanyoyin samun kuɗin gwamnati. Wannan ne ya sa suka haramta dafa ogogoro, tunda duk wanda ya sha na gida bai biya su ko kwabo ba. A Landan ma sai da majalisa ta yi dokar 1751 kafin shan barasa mai arha ya ragu a unguwannin matalauta. Ku tambayi kanku, a duniyarku wa yake karɓar harajin, wa yake dafawa a ɓoye a cikin fadama, kuma wane dogari ake ba cin hanci ya kau da kai.

Sai ma'auni da wurin sayarwa. Duk wanda ya ratsa tashar mota a Oshodi ko Agege da sassafe ya ga masu faranti ɗauke da ƙananan kwalabe da ledoji, har da paraga da ake jiƙa wa saiwoyi a ce maganin ciwon baya ne. Ana sayar da ita kaɗan-kaɗan daidai da canjin da ya rage a aljihu, kuma wannan ne dalilin da hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna ta ɗauki matakin hana sayar da barasa a leda da kwalaben da ba su kai mililita 200 ba. Barasar almararku ma tana bukatar ƙaramin ƙoƙo da laƙabin da mashaya suke kiran ta da shi.

Kada kuma ku manta da illa. A 2015 mutane sun makance, wasu sun mutu, a Ode-Irele ta Jihar Ondo, bayan sun sha barasar gida mai ɗauke da sinadarin methanol mai guba. Marubucin da ya sa jaruminsa yana kwankwaɗar irin wannan kullum, sannan ya tashi da asuba garau ya hau doki, ya yaudari mai karatu. A bar hannun jarumin ya riƙa rawa, a bar bashinsa ya taru wajen mai sayarwa, kuma a nuna matarsa tana lissafin kuɗin cefanen da bai iso gida ba.